Byron: Sunan da Ya Taso Daga Ɗakin Shanu

In ka ɗauki irin littattafan nan da Turawan Ingila suka tara ma'anonin sunayen gidajensu, ka lalubo Byron, amsar da za ka tarar ba za ta wuce layi biyu ba. Za a ce maka sunan ya samo asali daga tsohon Ingilishi, ma'anarsa kuwa "wajen ɗakunan shanu". Iyakarta ke nan. Wanda ya zo da ɗoki, yana tsammanin sunan Lord Byron, sha'irin Ingilan nan da Turai ta zauce a kansa shekara 200 da suka wuce, zai ƙunshi zaki ko takobi ko tsawa, sai ya tashi da warin kashin shanu a hanci. Ba ƙarya littafin ya yi ba. Sai dai wanda ya tsaya a nan romo kawai ya kurɓa, naman yana ƙasan tukunya.

Mu fara da yadda ake faɗinsa, don kada mu yi ta rubuta abin da bakinmu bai iya ba. Harafin y da ke cikinsa ana karanta shi kamar "ai" ɗin da ke cikin kalmar "kai". Bairon ke nan, ko kusa da haka. A riƙe wannan, domin can gaba za mu gamu da ƙasashe biyu da suka ari sunan, ɗaya ta bi kunne, ɗaya ta bi ido, suka ɓulle da sunaye biyu da ba ka ce gidansu ɗaya ba.

Bature yana da sunan kansa, yana kuma da sunan gida, wanda ake gada daga uba zuwa ɗa zuwa jika ba ya sauyawa. Wannan ya saɓa da abin da muka fi sabawa da shi, inda Musa ɗan Garba zai zama Musa Garba, ɗansa kuma Sani Musa, sunan kaka ya faɗi a hanya. Su ma Ingilishi ba da haka suka tashi ba. Kafin Normandawa su tsallako daga Faransa su ci ƙasar da yaƙi a 1066, suna ɗaya ne da mutum, sai laƙabi in ya samu. Manyan masu filaye ne suka fara riƙe sunan gida, don a san wanda zai gaji ƙasa, talakawa suka biyo sawu sannu a hankali, har zuwa wajen 1400 da yawancin gidaje suka tsaya a kan suna guda. Wani sana'arsa ce ta bi shi, kamar Smith, wato maƙeri. Wani sunan ubansa, kamar Johnson, ɗan John. Wasu da dama kuwa wurin zamansu ne ya manne musu. Wannan ba baƙon abu ba ne a kunnenmu: Shagari gari ne, Tafawa Balewa gari ne, Malam Aminu ma da Kano aka san shi. Bambancin kawai, a Ingila sunan wurin daskarewa yake yi. Jikan jika zai ci gaba da ɗauke da shi ko da bai taɓa taka ƙauyen ba.

To, a tsohon Ingilishi akwai kalmar byre, ɗakin da ake shigar da shanu lokacin hunturu, domin a can saniya ba ta kwana a fili cikin dusar ƙanƙara. In ɗakunan suna da yawa, kuma ana nufin "a wajensu", sai kalmar ta zama byrum. Daga nan aka samu wurare irin su Byrom a Lancashire da Byram a Yorkshire, daga wuraren kuma aka samu mutanen da ake kira da su. Harafin m na ƙarshe ya koma n a bakin wasu. Ashe Byrom da Byram da Byron 'yan ɗaki ɗaya ne, kuma kakan kakansu wani ne da gidansa ke jikin turken shanu, mai yiwuwa ma shi ne mai share shi.

Gidan da sha'irin ya fito ba su yarda da wannan salsala ba, kuma suna da hujjarsu. A 1086 Sarki William, wanda ya ci Ingila, ya sa aka ƙidaya filayen ƙasar da masu su a wani kundi da ake kira Domesday. A cikinsa akwai Ralph de Burun, mai filaye a Nottinghamshire da Derbyshire, akwai kuma Erneis de Burun a Yorkshire da Lincolnshire. Wannan "de" Faransanci ne, yana nuna wurin da mutum ya fito, alamar mutanen baƙi ne da suka shigo tare da mayaƙan Normandi. Daga gare su ne gidan sarautar ke jan silsilarsa. A wancan zamani ba a tsayar da ƙa'idar rubutu ba, kowane marubuci da yadda kunnensa ya ba shi, shi ya sa ake ganin Burun, a ga Biron, a ga Byron. A ganina rafuka biyu ne suka haɗu a rubutu ɗaya: na makiyayan Ingilishi da na mahayan Normandi. Littafin ma'anar sunaye ya ɗauki na farko, masu sarauta suka rungumi na biyu, don ba wanda ke son a ce kakansa mai kwashe taki ne alhali yana iya cewa mai doki ne.

Ba shi kaɗai ba ne a cikin tsararsa da sunansa bai yi kama da waƙarsa ba. Wordsworth da Coleridge da Shelley duk sunayen wurare ne. Blake ya fi ban dariya, domin kalmomi biyu ne na tsohon Ingilishi suka cakuɗe a cikinsa, ɗaya tana nufin baƙi, ɗaya tana nufin fari fat, ba ka iya rantsewa a kan launin kakan mai sunan. Waɗannan su ne sha'iran zamanin da Turawa ke kira Romantik, daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa wajen 1830. Kada kalmar ta ruɗe ka ka zaci zamanin waƙoƙin soyayya ne. Zamani ne da marubuta suka gaji da bin ƙa'ida da sanyin hankali, suka koma ga abin da zuciya ke ji, ga duwatsu da teku da guguwa, ga mutum ɗaya da ya yi fito-na-fito da al'ummarsa. Byron ne ya fi kowa cin kasuwar wannan na ƙarshe.

Yana alfahari da tsohon sunan sosai. Doguwar waƙar da ta fito da shi a 1812, wadda duniya ta sani da Childe Harold, a rubutun hannunsa na farko sunan gwarzon Childe Burun ne. Kafin a buga aka sauya, don kada masu karatu su ce kansa yake ba da labari. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, duk da haka suka ce shi ne.

Yadda sunan ya zama sarauta kuwa, labari ne na iya zama da sarakuna. Da Sarki Henry na 8 ya rushe gidajen ruhubanawa ya ƙwace dukiyarsu, wani Sir John Byron ya samu na Newstead, kusa da Nottingham, a 1540. Bayan shekara ɗari, da yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin Sarki Charles na 1 da majalisa, wani John Byron ɗin da 'yan'uwansa suka tsaya bayan sarki, aka saka masa da sarautar Baron a 1643. Ita ce ta ƙasa a cikin matakai biyar na sarautun gado a Ingila, amma a wancan zamani tana ba mai ita kujera a majalisar masu sarauta, kuma ana kiransa Lord. Taken gidan kalmomi biyu ne na Latin, Crede Byron, wato "yarda da Byron". Wanda ya san abin da ya biyo baya sai ya yi murmushi.

Domin kafin a haifi sha'irin, sunan ya riga ya yi ƙaurin da ya fi na shanu. Baron na biyar, William, ya soke ɗan'uwansa kuma maƙwabcinsa William Chaworth da takobi a wata mashaya a Landan a 1765, kan gardamar namun dajin da ke gandunsu. Majalisar masu sarauta ta same shi da laifin kisa ba da niyya ba, alfarmar sarauta ta fid da shi ba tare da ya sha ɗauri ba. Ya koma Newstead ya sare itatuwan gandun, ya bar ginin yana zubewa, mutane suka sa masa Mugun Lord. Ƙaninsa John hafsan sojan ruwa ne, jirginsa ya taɓa tarwatsewa a gaɓar Chile a 1741, daga baya ya zagaya duniya tsakanin 1764 da 1766, kuma saboda duk inda ya nufa hadari na biye da shi, matuƙa suka sa masa Jack Mai Mugun Yanayi. Ɗan wannan, shi ma John, Mahaukaci Jack ake ce masa, don caca da bashi da neman mata. Shi ne mahaifin sha'irin. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

A wajen Mahaukaci Jack ne za a fara ganin abin da ya fi ɗaukar hankalina game da wannan suna: a gidan, sunan gida riga ce, ana tuɓewa a sa wata in kuɗi ya kira. A 1785 ya auri Catherine Gordon, magajiyar gandun Gight a Skotlan. Don ya samu damar taɓa dukiyarta, ya ɗora sunan gidanta a kan nasa, ya zama John Byron Gordon. Cikin shekara biyu ya cinye dukiyar, aka sayar da gandun, ya tsere Faransa yana gudun masu binsa bashi, can ya mutu a 1791. Yaron da ya bari, wanda aka haifa a Landan ranar 22 ga Janairu 1788 da ƙafa ɗaya a lanƙwashe, ya tashi a gidan haya a Aberdeen tare da uwarsa, a makaranta kuma aka rubuta shi George Byron Gordon. Wato a farkon rayuwarsa Byron suna ne na tsakiya.

Ba a sa ran sarauta za ta zo kansa ba. Amma ɗan Mugun Lord ya riga ubansa mutuwa, jikansa kuma aka kashe shi a yaƙi a tsibirin Corsica a 1794. Da tsohon ya cika a 1798, sai abin ya faɗo kan jikan ƙaninsa, yaro ɗan shekara goma. Abokinsa Thomas Moore, wanda ya rubuta tarihinsa, ya kawo labarin safiyar da aka fara kiran sunayen 'yan aji bayan wannan. Malam ya zo kan sunansa, ya sa masa kalmar Latin Dominus a gaba, wato mai girma. Yara suka juyo suna kallonsa. Ya buɗe baki ya amsa, murya ta ƙi fita, ya tsaya shiru, sai kawai ya fashe da kuka. Jiya shi ne gurgun yaron da uwarsa ke lissafin kuɗin haya, yau kalma ɗaya ta raba shi da sauran 'yan benci.

A nan akwai wani ɗan ƙulli da ke rikita masu karatu. A cikin "Lord Byron", kalmar Byron ba sunan gida take wakilta ba, sunan sarauta ce, ko da yake a wannan gida biyun sun zo iri ɗaya. Cikakkiyar sarautar ita ce Baron Byron na Rochdale. Ba a cewa Lord George, ba a cewa Lord George Byron, don wannan salon na wasu 'ya'yan manyan masu sarauta ne. Mai sarautar kansa in zai sa hannu a takarda kalma ɗaya yake rubutawa, Byron, babu George. Kamar dai yadda a wajenmu in an ce Sardauna ko Waziri an gama magana. Sarautar ba ado kawai ba ce. Ita ta ba shi damar tashi a majalisa ranar 27 ga Fabrairu 1812 ya soki dokar da za ta sa a rataye masaƙan Nottingham masu farfasa injinan da suka raba su da abincinsu. Dokar ta wuce duk da haka. Bayan kwanaki kaɗan waƙarsa ta fito, siyasa ta koma gefe.

Daga nan sunan ya zama haja. Wata doguwar waƙarsa ta 1814 an sayar da kwafi 10,000 a ranar da ta fito, a zamanin da littafi ke da tsadar gaske. Annabella Milbanke, wadda ta aure shi daga baya, ita ta ƙirƙiro kalmar Byromania don ta yi wa matan Landan ba'a kan yadda suke rububinsa. A 1819 wata mujalla ta buga wani labari na gawar da ke tashi tana shan jinin mutane, ta maƙala masa sunan Byron, alhali tsohon likitansa John Polidori ne ya rubuta. Byron ya musanta, amma labarin ya riga ya yi kasuwa da sunan. Har Ingilishi ya samu sabuwar sifa, Byronic, wadda har gobe ake amfani da ita ga wani irin namiji: mai girman kai, mai yawan shiru da ɗaure fuska, mai wani ɓoyayyen zunubi da ke cinsa, wanda ya raina dokar jama'a, mata kuma suna sane da haɗarinsa suna binsa. Irin wannan gwarzo ya cika littattafai da finafinan Turawa, kuma yawancin masu faɗin kalmar ba su taɓa karanta baiti ɗaya na mai sunan ba. Hatta buɗaɗɗiyar wuyan riga da yake sawa a hotunansa da sunansa teloli ke kiranta.

Auren da Annabella bai yi ƙarko ba. An ɗaura a Janairun 1815, ta haihu a Disamba, a Janairun 1816 ta ɗauki jaririyar ta koma gidan iyayenta. Munanan jita-jita suka cika gari, masu bashi suka yi masa caa, a Afrilu ya bar Ingila, bai sake takata da rai ba. Newstead ma, gidan da ya yi kusan shekara 280 a hannun zuriyar, ya sayar da shi kan fam 94,500. Sai ga abin mamaki a 1822. Surukarsa, Lady Noel, wadda ba sa ga maciji da juna, ta rasu, aka ce in yana son kaso a gadon sai ya ɗauki sunan Noel. Bai yi wata-wata ba. Ya nemi izinin sarki, aka ba shi takardar da ta mai da Noel sunan gidansa, ya koma sa hannu da Noel Byron. An ce har yana jin daɗin cewa haruffan farko, N da B, sun zo ɗaya da na Napoleon Bonaparte. Abin da uban ya yi da Gordon, ɗan ya maimaita da Noel. In za a bi takarda, mutumin da ya fi kowa ɗaukaka sunan Byron ya mutu ba shi ne sunan gidansa ba, sarautar ce kawai ta riƙe masa shi.

Inda sunan ya nuna kaifinsa sosai shi ne kan 'ya'yansa mata biyu. Ta farko, Augusta Ada Byron, 'yar aure ce, amma tana da wata ɗaya da 'yan kwanaki aka raba ta da shi, ba ta ƙara ganinsa ba. Uwarta ta tura ta ga lissafi tun tana ƙarama, tana tsoron kada jinin waƙa da hauka ya tashi. Ta auri William King a 1835, aka ba shi sarautar Lovelace a 1838, sai duniya ta san ta da Ada Lovelace. A 1843 ta rubuta dogon sharhi kan injin lissafin da Charles Babbage ya tsara, wanda da yawa ke ɗauka a matsayin shirin kwamfuta na farko da aka buga, ta kuma sa hannu da haruffa uku kawai, A.A.L. Babu B a ciki. Da ma'aikatar tsaron Amurka ta samar da wani harshen sarrafa kwamfuta a 1980, Ada aka sa masa, aka ba takardar ƙa'idarsa lamba 1815, shekarar haihuwarta. Ta rasu a 1852 tana da shekara 36, daidai shekarun da uban ya yi, kuma ita da kanta ta nemi a binne ta kusa da shi.

Ta biyu ita ce Allegra, wadda Claire Clairmont ta haifa masa a Janairun 1817 ba tare da aure ba. Ya yarda tasa ce, ya karɓe ta, amma ya rubuta wa wani abokinsa cewa Biron zai sa mata, don a bambanta ta da 'yar halak ɗin. Duba da kyau. Bai hana ta sunan ba, bai kuma ba ta shi ba. Ya cire y ya sa i. A kunne kusan abu ɗaya ne, a takarda kuwa katanga ce, kuma ya zaɓo ɗaya daga cikin tsofaffin rubutun sunan ne ya yi ginin da shi. Yarinyar ta yi ta yawo daga wannan hannu zuwa wancan a Italiya, a ƙarshe ya kai ta makarantar 'yan zuhudu mata a Bagnacavallo, bai ziyarce ta ba, zazzaɓi ya kashe ta a Afrilun 1822 tana da shekara biyar. Ya aika gawarta Ingila a binne a cocin Harrow, garin da ya yi makaranta. Shugabannin cocin suka yarda da kabari, suka ƙi allon tunawa, saboda yadda aka haife ta da kuma wanda ya haife ta. Sai a 1980 aka kafa mata dutse. Ni dai duk lokacin da na ji ana yabon zafin zuciyar Byron da tausayinsa ga waɗanda aka zalunta, wannan harafi ɗaya nake tunawa.

Da yake bai bar ɗa namiji ba, sarautar ta koma ga ɗan baffansa, George Anson Byron, kuma har yau tana nan a zuriyar.

Yanzu ga ƙasashen nan biyu. Rashawa kunne suka bi, suka rubuta shi da haruffansu yadda zai ba da Bairon. A wajensu sunan ya zama ma'aunin da ake gwada matasan sha'irai da shi, har Mikhail Lermontov, yana saurayi a 1832, ya buɗe wata waƙa da cewa shi ba Byron ba ne, wani ne daban. In mutum ya kai ga sai ya rubuta waƙa don ya ce shi ba wane ba ne, ka san wanen ya cika wuri.

Girkawa kuwa ido suka bi. Suka ɗauki haruffan suka mayar da su nasu, alhali a harshensu na yanzu harafin da ke matsayin b ana furta shi v, wanda ke matsayin y kuma ana furta shi i. Sai aka samu Viron, a bakin jama'a Vironas. A can sunan ba shi da alaƙa da shanu, ba shi da alaƙa da abin kunya. Girkawa sun tayar da yaƙin neman 'yanci daga daular Turkawa a 1821. Byron ya ba da fam 4,000 daga aljihunsa don a gyara jiragen yaƙinsu, ya isa garin Missolonghi a Janairun 1824 da niyyar jagorantar mayaƙa. Bai kai ga fagen fama ba. Zazzaɓi ya kama shi, likitoci suka yi ta tsaga suna zubar masa da jini, ya cika ranar 19 ga Afrilu 1824. Mutuwar ta yi wa Girkawa amfanin da takobinsa ba zai yi ba, domin ta jawo hankalin Turai da kuɗinta. Tun daga nan suke raɗa wa 'ya'yansu maza Viron. Wata unguwa a Atina, wadda aka kafa don 'yan gudun hijirar da aka koro daga Turkiyya bayan 1922, Vironas ake kiranta, an sa mata sunan a 1924 da mutuwarsa ta cika shekara ɗari. A 2008 kuma gwamnati ta ware 19 ga Afrilu don tunawa da shi.

A gida Ingila fa? Da aka kawo gawar, cocin Westminster, inda ake binne manyan marubutan ƙasar, ta rufe ƙofa. Aka kai shi kabarin kakanninsa a Hucknall, kusa da Newstead. Sai a 1969, bayan shekara 145, aka sa masa allo a Westminster. Suna ɗaya, a wata ƙasa ana raɗa wa jarirai, a wata ana ƙyamar sassaƙa shi a dutse.

Amurkawa ma sun mai da shi sunan yanka, kamar yadda suka saba yi da sunayen gidajen mashahurai. Akwai Byron White, alƙalin kotun ƙoli daga 1962 zuwa 1993, da Byron Nelson, ɗan wasan golf da ya ci gasa 11 a jere a 1945, ga kuma ƙananan garuruwa masu sunan a jihohi daban-daban. Shelley ma haka ya yi tafiya, sai dai shi ya fi zama sunan mata. A Birtaniya kuwa akwai jerin gidajen abinci masu suna Byron da suka shahara da burodi mai naman shanu a tsakiya, ka ga sunan ya yi zagaye ya koma turke.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na Ostiraliya. A 1770 Kyaftin James Cook ya wuce ta wani tsinin ƙasa, wanda shi ne ƙarshen gabashin nahiyar, ya sa masa Cape Byron don girmama Jack Mai Mugun Yanayi, ɗan'uwansa a sana'ar teku. A lokacin saura shekara 18 a haifi sha'irin. Garin da ya tashi a wurin, wanda 'yan asalin ƙasar ke kira Cavvanbah, ya koma Byron Bay a 1894. Amma je ka duba titunansa: Tennyson, Keats, Wordsworth, Browning, Jonson, sha'irai ne reras. Ana ba da labarin cewa masu tsara garin sun ɗauka don sha'irin aka sa sunan, sai suka tara masa abokan sana'a. Jika ya ƙwace wa kaka gari ba tare da ya san da zamansa ba.

A gaɓar tafkin Geneva, a ƙasar Suwizalan, akwai wani tsohon gidan sarauta mai suna Chillon, da kurkuku a ƙarƙashinsa, ruwan tafkin na dukan bangon. Wani malamin coci, François Bonivard, ya yi shekara shida a tsare a gidan, daga 1530 zuwa 1536, mafi yawansu a ɗaure jikin ginshiƙi. Byron da Shelley sun ziyarci wurin a Yunin 1816, watanni biyu bayan barinsa Ingila, ya kuma rubuta waƙa kan fursunan. A jikin ɗaya daga cikin ginshiƙan akwai haruffa biyar da aka ƙwaƙule da wani abu mai tsini, B, Y, R, O, N. An kare su don kada hannun masu shafa ya cinye su. Masana da dama suna shakkar cewa shi ya sassaƙa da hannunsa, suna zargin wani ne ya yi bayan sunan ya yi tsada. Wannan bai hana masu yawon buɗe ido bin layi ba. Su sauko matakala cikin sanyi da duhu, su wuce zoben ƙarfen da ke jikin ginshiƙin fursunan, su tsaya gaban haruffan su ɗaga waya.